Katifar Iskar da Muka Kai Marwa

Ku matso kusa in gaya muku, don wannan ba maganar da zan ɗaga murya ba ce. Tun da muka dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tambaye ni, a bakin famfo a tambaye ni, har mai kawo mini itacen turare daga Gamboru sai da ya ce, "Ya Fanna, yaya ƙasar masu Faransanci?" Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in kawar da kai. To yau zan faɗa duka, sau ɗaya, kowa ya ji, a ƙyale ni.

Mutanen Dala, nan Maiduguri, sun san ni ba mai fita ba ce. Shekara talatin da wani abu ina zaune a gidan nan ina haɗa turaren wuta da humra, masu saye su ke zuwa su same ni. Abin da ya fitar da ni shi ne maigidana, Baban Bintu. Dillalin banda ne a Kasuwar Kifi ta Baga Road. Bara ya faɗo daga saman motar kifi ya karye a kwatangwalo, aka ɗora, ɗorin bai kama daidai ba, ya kwanta. Kwanciyar ta jawo masa gyambo a ƙasan baya, daidai inda ƙashi ke taɓa shimfiɗa. Wani likita a nan ya ce mana akwai asibiti a bayan Marwa ta Kamaru, likitan ƙashi yakan zo can daga ƙasar waje sau ɗaya a shekara, ya yi 'yan makonni ya koma, kuma irin wannan aikin yake yi. Ya rubuta mana takarda, sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Amma sai fata ta rufe. In gyambon yana buɗe ba zai sa wuƙa ba, ko kun yi kuka."

Katifarmu ta soso kuwa ba ta bar shi ya rufe ba. Ta riƙe zafi, ta sha gumi, ga lotsawa a tsakiya. Ina wankewa, ina juya shi, gyambo yana nan yana kallona.

Wata safiya maƙwabciyata Maman Dauda ta shigo. 'Yar Biu ce, Kirista, ta yi aikin jinya har ta ajiye. Ɗanta direba ne, yana tuƙa Turawan nan masu aikin agaji. Ta ce, "Maman Bintu, ga katifa na kawo wa mai jiki."

Na leƙa bayanta. "Tana waje ne? A shigo da ita mana."

"Ga ta a hannuna."

Abu ne a cikin 'yar jaka, bai fi gorar ruwa girma ba, nauyinsa bai kai na ƙwaryar gero ba. Na ce, "Maman Dauda, ki ji tsoron Allah, ko kyanwa ba za ta kwanta a kan wannan ba." Ta yi dariya ta warware shi. Wani yadi ne ruwan lemo, siriri kamar ledar burodi, yana ƙara kacau-kacau in an taɓa, da ɗan murfi a kusurwa. Ta sa baki ta yi ta hurawa, sai ga shi ya tashi layi-layi kamar kunyar gona. Wai wata Baturiya ce ta bar wa Dauda da za ta koma gida. Can ƙasarsu mutum yakan bar gadonsa lafiyayye, ya goya wannan a baya, ya hau dutse ya kwana a daji, ba don an kore shi ba. Na ce Allah mai halitta iri-iri.

A cikin jakar akwai wata takarda da rubutun Turanci, da 'yan faifai na leda guda huɗu masu manne, zagaye-zagaye. Takardar na ƙunshe wa wata mata turare a ciki. 'Yan faifan kuwa na ga suna kamawa da kyau, na liƙe butata da ɗaya, sauran ukun na toshe robar wanki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A kan katifar nan, cikin mako bakwai, gyambo ya rufe. Fata sabuwa ta fito, ja-ja, mai laushi kamar ta jariri. Maman Dauda ta duba ta ce, "Ku tashi ku tafi, kada likitan ya koma. Amma ki kiyaye, fatar nan kwana biyu a kan abu mai tauri sun ishe ta."

Mu uku muka tafi: ni, da mai jiki, da ƙaninsa Bukar mai tuƙa keke mai ƙafa uku, shi ke goya shi. Bukar abokin wasana ne tun ina amarya, bakinsa ba ya rufuwa. Tun a tasha ya fara. "Ya Fanna, wannan ita ake kira mota. Tana da ƙafa huɗu, kada ki tsorata in ta motsa." Na ce, "Kai dai riƙe yayanka da kyau, mai ƙafa uku."

Hanyar Bama ba a shigarta yadda aka ga dama. Sai motoci sun taru, sai an buɗe, sannan a tafi a jere. A wasu shingayen kowa ya sauka ya taka da ƙafa, mai jiki kaɗai ake bari a ciki bayan an leƙa an gan shi. Na hura katifar rabi, na ninka masa a ƙarƙashi, ramukan titi suna wurgi da mu shi kuwa yana lilo a kan iska. Wata mai sayar da atamfa da ke kusa da ni ta yi ta latsa ta da yatsa tana cewa in sayar mata. Bayan Konduga surutu ya mutu a motar. Gidaje ne babu rufi, bishiya ta tsiro a tsakar ɗaki. Ban kalla sosai ba, na sa idona a kan ƙafar maigida har muka wuce.

Da muka bar Bama ya ce katifar tana sa shi zamewa daga kujera, a cire. Na sace iskar, na naɗe, na tura ta cikin jakar bakko da ke tsakanin ƙafafuna. A jakar nan akwai bandar da abokansa na kasuwa suka haɗa mana, wai mu yi tsaraba a can, har da kurungu. Matar dillalin kifi ce ni, na san ƙayar kurungu tana huda tafin hannu. Amma ban tuna ba. Na danna da ƙafa ma don jakar ta rufu.

Mun isa Banki an riga an rufe wucewa, sai muka sauka a gidan wata Shuwa mai ba fataken hanya ɗaki. Ta ba mu tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya, ta ƙi zama sai da ta ga mai jiki ya ci. Na hura katifa, ya kwanta. Da na tashi sallar asuba sai na gan shi shimfiɗe a kan siminti, katifa ta zama zane a ƙarƙashinsa, idonsa biyu.

"Tun yaushe?"

"Ban daɗe ba."

"Don Allah tun yaushe, Baban Bintu?"

"Na ga kin gaji ne."

Na juya shi na duba wurin. Ya yi ja amma bai fashe ba. Na sake hurawa har kaina ya yi jiri. Kafin mu gama karyawa ta sake lafewa.

A bakin iyaka wani jami'i na wancan ɓangaren ya zaro ta daga jaka, ya shinshina, ya yamutsa fuska. Ya tambaya da wata Hausa mai karkacewa ko jirgin ruwa ne. Bukar ya ce, "Ranka ya daɗe, jirgin sama ne, iskar ce ta ƙare." Na taka masa ƙafa. Allah ya sa mutumin ya yi dariya, ya duba takardar asibiti, ya ce mu wuce. Taku kaɗan ne tsakanin Banki da Amchide, fuskokin iri ɗaya, har Kanuri ana yi, amma burodinsu dogo ne kamar sanda, mai tauri, sai ka ce da shi ake kora awaki. Mutum ya saƙale shi a hammata ba leda ba komai yana tafiya. Na ga mace da zanenta da ɗankwalinta ta hau mashin ita ke tuƙi, namiji a baya ya riƙe buhu. Na ce wa Bukar ya kalli aikinsa na gaba.

A Mora Bukar ya ce shi fa ya san maganin abin da ke sace iska, kullum yana wurin masu faci. Ya kai mu wurin wani a bakin tasha. Gaskiya mutumin ya iya neman huji. Ya hura, ya danna ta cikin rabin durom na baƙin ruwa, gaɓa-gaɓa, har kumfa ta fara tasowa, siririya kamar zare. Hujin ko ido ba ya gani. Ya goga wurin da wani ƙarfe mai kaushi, ya shafa sholisho, ya yanko tsohon tif na taya ya manna. Muna tsaye ya ja gefen facin da farce, sai ya ɓalle gaba ɗaya. Ya ce wannan yadin ba ya shan sholisho, sai facin wuta. Na ga ya jawo ƙarfensa da yake dannawa a kan taya, ya fara hura garwashi.

Na fizge katifar na rungume. "Wuta? A kan wannan? Malam, ko rana tsaka ka taɓa ganin an yi wa leda guga?"

Bukar ya ce, "Ya Fanna, aikinsa ne fa."

"Aikinsa taya. Yayanka ba a kan taya yake kwana ba."

Ku ji ni da bakina. Ni na faɗi wannan, a gaban mutane, ina jin kaina mai wayo.

Asibitin yana bayan Marwa kaɗan. Suka karɓi takarda, suka duba bayansa, suka ce fata ta yi, amma mutane da yawa a gabanmu, sai nan da kwana goma sha ɗaya, kuma ba a ba da gado sai ana gobe aiki. Masu jira suna zama a wata doguwar rumfa ta kwano mai daɓen siminti, kowane gida da kusurwarsa da murhunsa. Akwai 'yan Chadi, akwai Fulani, akwai mutanen dutse. Da safe sai ka ji "Jam na?" ta ko'ina, gaisuwar Fulani ke nan, na koyi cewa "Jam." Miyarsu ta yakuwa ce da gyaɗa, kullum, tsami har cikin kunne. Ƙosai kuma da dafaffen wake suke haɗa shi, abin da ban taɓa gani ba, wake a kan wake.

Kwana biyu na farko ina hura katifa kamar mai hura wuta da ɗanyen itace. In hura, ta ɗauke shi ɗan lokaci, ta sauke. Leɓena ya tsage. A rana ta biyu ne wani dattijo siriri da ke jinyar matarsa a kusurwar da ke kallonmu ya taso ya tsuguna. Sunansa Malam Hammadu, yana jin Hausa sosai. Ya shafa katifar kamar wanda ya ga ɗan garinsu.

"Hajiya, ina kika samo wannan? Rabona da irinta an daɗe."

Ashe a da shi ke yi wa Turawa jagora a duwatsun yankinsu, ya ɗauki kayansu, ya kafa musu tanti. Tun da hanya ta lalace suka daina zuwa, ya koma noman albasa. Ya ce, "Kowace irin wannan tana zuwa da 'yan facinta a jaka. Ina naki?"

Na ce suna Maiduguri a gindin robar wanki.

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya je ya buɗe jakarsa ya kawo wani tsohon gwangwanin alewa. A ciki akwai allura, da zare, da irin 'yan faifan nan guda biyu, sun yi rawaya don tsufa. Ya ce shekaru yana yawo da su bai san don me ba. Ya kaɗa sabulu a ruwa ya shafa, kumfa ta nuna masa wurin. Ya zauna ya murje sholishon mai faci da yatsa, a hankali, har ya fita tas. Ya goge da audugar asibiti mai maganin nan da ake goge wurin allura, ya bari ya bushe sarai. Sannan ya manna faifan, ya yi ta murza shi da bayan cokali daga tsakiya zuwa gefe. Ya ɗora dutse a kai.

"Kada a hura sai gobe war haka. Abin nan ba ƙarfi yake so ba, haƙuri yake so. Huji ba komai ba ne, Hajiya, ko goma ne ana toshewa. Turawa sukan yi shekaru da guda ɗaya."

Ranar a kan zannuwana maigida ya kwana, ina juya shi. Washegari aka hura. Ta riƙe. Ta kwana ta wuni da iskarta. Na dafa wa matar Malam Hammadu miyar banda da kurungun nan da ya jawo mana, na ce gara a cinye shi ya huta. Har waƙa na yi ina wanke-wanke. Shi kuma Malam Hammadu ya tafi ƙauyensu duba gona, zai kwana biyu.

To ga inda nake so ku saurara. Katifar nan tana wari. Warin banda, da baƙin ruwan durom, da sholisho, da gumin mai jinya. Wata mata a kusurwar gefenmu takan ja gyalenta ta rufe hanci in iska ta kaɗo, ta yi wa 'yar uwarta magana da yarensu su dube mu. Ni, Fanna, da amaren Dala ke layi a ƙofata don ƙamshi. Ni da ko tsumman goge ɗakina sai na turara. A ce mijina yana kwance a kan abin da ake toshe wa hanci, a ƙasar mutane, su tafi suna cewa haka matan Barno suke?

Da hantsi na sa Bukar ya ɗauke maigida ya kwantar a kan zane, na aike shi kasuwa. Na wanke katifar da sabulu mai ƙamshi, ina kaffa-kaffa da facin. Na hura ta tam, har ta yi tauri kamar ganga, don kada ruwa ya maƙale a lungunan. Na kai ta filin siminti na bayan rumfa inda rana ta fi bugawa, na shimfiɗa, kamar yadda uwata ta koya mini a yi wa kowane abin kwanciya, kamar yadda kowaccenku take yi. Na ce kafin azahar ta bushe ta sha rana, in turara ta.

Ina tsinke yakuwa na ji fat! Kamar an fasa leda. Sai fat, fat, fat, a jere. Na zubar da kwanon na ruga. Simintin ya ƙona mini tafin ƙafa. Layukan nan na kunya sun ɓace daga tsakiya, katifa ta kumbura wuri ɗaya kamar cikin saniyar da ta ci ɗanyen rogo, kai da ƙafa kuma sun lafe. Facin Malam Hammadu yana nan daram, ko gezau bai yi ba.

Na ja ta inuwa, na sace iska, na sake hurawa. Kumburin nan ya dawo. Ni da maƙwabta muka gwada kwantar da maigida a kai, ta ture shi gefe.

Da Bukar ya dawo ya gani, sai ya dafe kai. "Sholishon nan ne ya cinye ta ta ciki. Ni na kai ta. Ya Fanna, ni na kashe yayana." Ban ce masa e ba. Ban kuma ce a'a ba. Tun daga ranar bai ƙara tsokanata ba, har muka dawo gida.

Malam Hammadu ya dawo, ya ɗaga ta ya duba ta a haske. Ya ce a ciki akwai 'yan bangaye sirara da suka riƙe sama da ƙasa, su ne suka tsinke. Iska in ta ji zafi kumbura take, in ba ta sami wuri ba sai ta yaga na ciki. Ya dube ni, ya dubi filin simintin, ya mai da idonsa ƙasa.

Na ce, "A farke ta a ɗinke. Ina da hannu, na iya ɗinki."

"Kowane ɗinki huji ne, Hajiya."

"Faci fa? Saura ɗaya a gwangwaninka."

"Faci na waje ne. Wannan ko can inda aka yi ta ba sa gyarawa, sabuwa suke bayarwa."

Saura kwana biyar. Bukar ya zaga Marwa kaf, babu wanda ya taɓa ganin irinta. Ya samo wani yankin soso, muka ɗora zannuwa, matar da ke toshe hanci ma ta kawo mana bargonta. Ina juya shi dama, ina juya shi hagu, amma hagun ne karayar, ba ya jurewa, kwanon rumfa kuma yana zubo zafi. Ran na uku wurin ya yi duhu. Ran na huɗu na ɗaga rigarsa na ga ta manne.

Likitan dogo ne mai furfura, ya yi mana kirki. Ya duba bai daɗe ba, ya yi magana a hankali, tafinta ya juya mana: ba zai iya sa ƙarfe a jiki da ƙofa a buɗe kusa da wurin ba, cuta za ta shiga ƙashi, abin ya fi haka muni. A je a warkar. Shi jibi zai tafi. In Allah ya kai mu baɗi.

Ba zan ba ku labarin dawowa ba, hanyar ce dai a juye. Abu ɗaya kawai. Muna jiran a buɗe hanya a Bama, Bukar ya sauka neman ruwa, sai maigida ya kira ni ƙasa-ƙasa.

"Fanna, ki gaya wa Bukar ba shi ba ne."

Na sunkuya ina gyara masa zane, ya ci gaba.

"Ina kwance ina kallonki ta ƙarƙashin rumfa kina hurawa. Na ga kumatunki. Na so in ce ya isa haka, sai na ga kina murna." Ya ɗan nisa. "So kika yi in kwanta a kan abu mai ƙamshi. Na sani."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na gaya wa Bukar a ƙofar gida. Ya ce ba komai, Ya Fanna, amma bai kalle ni ba. Maman Dauda ban iya gaya mata ba, kullum tana zuwa wankin gyambo tana cewa kayan Turawa ba su da ƙarko, yanzu za ta ji tare da ku. Dauda ya tambaya a wurin aikinsu, babu wata. Gyambon ya fi na da faɗi, muna kan katifar soso, baɗi kuma da nisa ga mutumin da ke raguwa kullum. Katifar tana rataye a ƙusa a ɗakina. Har yanzu ƙamshin sabulun nan take yi. Butar da na liƙe ma ba ta ƙara yoyo ba.

Ga Kamaru, tunda kun tambaya. Yanzu ni ma in tambaye ku, kuma ku faɗa mini gaskiya, kada ku lallashe ni: da ke ce, shimfiɗar mijinki tana wari a gaban matan wata ƙasa, ga sabulu a hannunki, ga rana ta fito, me za ki yi?